Ɗan Azumi, Wanda Ya Hana Sifana Hawa Sikeli

Idan an sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu da ke bayan tashar mota a Tanut, kowa ya san inda zai nufa. Masu gona su nufi gona, masu kasuwa su nufi kasuwa, mu da muka ajiye aiki kuma mu koma kan tabarma mu jira koko. Malam Ɗan Azumi kaɗai ne, tun da na san shi har bara, ba ya bin ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi. Sai ya bi ta lungu zuwa wani ɗakin ƙasa da ke jingine da katangar gidansa, ya kwance mabuɗi daga zariyar wando, ya buɗe, ya shimfiɗa buhu a bakin ƙofa. Sannan ya fiddo ƙarafa goma ko ashirin, waɗanda layi ya zo kansu a ranar, ya zauna da tsumma da gwangwanin baƙin mai yana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Ba ya sauri, ba ya hira, ko rediyo ba ya kunnawa. Kafin matarsa Lantana ta kawo masa kunu ya gama, ya mayar da kowanne mazauninsa, ya kulle, ya wuce garejinsa da ke ƙarƙashin aduwa a bakin hanyar Agadas.

Ƙarafan nan kayan aikin kanikanci ne na da. Akwai sifanoni manya da ƙanana, waɗanda kanikawanmu ke ce wa kile, akwai filaya da guduma da magagari da kurfi, da wasu da ban riƙe sunansu ba har yau ko da yake an gaya mini ya fi sau goma. Ba shi ya fara riƙe su ba. Kusan kowanne sai da ya tsufa a hannun wani, mai shi ya rasu ko ya karye, kafin Ɗan Azumi ya bi sawu ya sayo shi a gwanjo. Na taɓa matsa masa ya faɗa mini yawansu, ya ce wai ba a ƙirga 'ya'ya. Ni da ba ni da wannan camfi na ƙirga na bango ɗaya kawai, na kai ɗari da arba'in, na gaji na bari.

Ni ba bakanike ba ne. Shekara talatin na yi ina yi wa shanu allura a dajin Damargu, kuma duk wanda ya yi wannan aiki ya san rabin rayuwarsa a inuwar matacciyar mota take ƙarewa, yana jiran wanda ya iya. Ta nan muka san juna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne ya ajiye aiki bayan shekara arba'in da bakwai, idanu sun ƙi, kuma na lura mutanenmu ba su iya yabon mutum ba sai an kai shi makwanci. Ni kuwa so nake a karanta masa wannan yana zaune, ya ji haushi, ya ce na cika surutu.

Tarin ya samo asali ne daga wani baƙin ciki. Maigidan da ya koya masa aiki, Malam Haruna, ya rasu lokacin da Ɗan Azumi yake kan hanya da wata babbar mota da ta kwanta kusa da Agadas. Da aka zo rabon gado, malamai suka ce sai an san ƙimar kowane abu kafin a raba. Gona an san ƙimarta, akuya an san tata, to sifana fa? Babu wanda ya sani a gidan. Sai aka kira mai sayen tsohon ƙarfe, ya rataya sikeli a reshen bishiya, aka juye akwatin Malam Haruna cikin buhu aka auna kamar gyaɗa. Kayan suka tafi kudu inda ake narka ƙarfe. Da Ɗan Azumi ya dawo, akwatin kaɗai ya tarar, kaza tana kwanci a ciki. Ya ce mini bai yi kuka a kan kabari ba, amma a gaban akwatin nan sai da ya juya wa mutane baya.

Tun daga ranar ya ɗauki wata ɗabi'a da ta jawo masa suna. Duk inda bakanike ya rasu, daga Gangara har Belbeji, zai je gaisuwa kamar kowa, ba zai ko kalli inda kayan aiki suke ba. Sai an yi sadakar arba'in, an zauna rabo, sannan ya dawo ya tsuguna gefe, ya bari mai sikeli ya faɗi nasa, shi kuma ya ɗora a kai. Masu bakin tsiya suka laƙaba masa ungulu. Bai taɓa tankawa ba, kuma a hankali magada suka gane cewa wannan ungulu ita ce ke sa su tashi da abin da ya fi. Haka kuma idan wani furoje, wato aikin raya karkara, ya ƙare aka sa tarkacensa a gwanjo, sauran jama'a suna kokawa a kan kujeru da firiji, shi yana can baya yana tonon kwali. Ranar kasuwa kuwa, in ka neme shi ka rasa, ka duba tabarmar masu tsofaffin kaya. Za ka same shi ya ɗauki sifana ya sake ta a kan dutse, ya karkata kai yana saurare. Wai ƙarfen kirki yana da murya, na banza kuma tari yake yi. Ni dai duk ƙara ɗaya nake ji.

Abokin karawarsa a wannan fage shi ne Gajere mai sikeli, wanda ke sayen tsohon ƙarfe a bayan kasuwa. Shekara ashirin suna haɗuwa a gidajen rasuwa, suna gaisawa da fara'a, suna cin goron juna. Gajere ba mugu ba ne, sana'arsa ce. Amma yana da wata tsokana da ba ya gajiya da ita. Duk sanda suka rabu sai ya ce, «Ka ci gaba da tara mini, Malam. Ɗakin nan naka mota guda zai cika.» Ɗan Azumi yakan yi dariya tare da kowa. Sai da na daɗe da shi na gane maganar tana kwana da shi, don gaskiya ce tsagwaronta. Ɗansa namiji ɗaya ne, Hashimu, malamin makaranta a Damagaram, yaron kirki wanda bai san bambancin filaya da awartaki ba. Ranar da Ɗan Azumi ya rufe ido, malamai za su tambayi ƙima, kuma za a kira Gajere.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce mene ne abin damuwa a kan tsohon ƙarfe, alhali ga sababbi a shago suna ƙyalli. Damargu mahaɗa ce. Motocin Faransa sun zo mana da awonsu, injunan Ingila da na Indiya sun shigo ta Kano da nasu awon, kuma mu mutane ne da ba ma yar da inji sai ya zama gari. Noti biyu za ka gani kamar tagwaye, amma sifanar wannan ba ta kama wancan. Za ta yi kamar ta kama, ka ja da ƙarfi, ta cinye masa kafaɗu, daga nan ka shiga uku. Yau kuwa ko ka zaga shagunan Damagaram kaf ba za ka sami sifanar tsohon awo ba. Samarin kanikawa sukan ce karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma a kan babura da famfunan hasken rana suna da gaskiya. Amma har gobe akwai injin niƙa da injin jan ruwa a ƙauyukanmu da suka girmi masu gyaransu, kuma idan suka tsaya, ɗakin Ɗan Azumi aka saba nufa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bai taɓa karɓar ko dala a kan aro ba. Hajiya Safiya ta Gangara, wadda ke riƙe da marayun ƙaninta da injin niƙa guda, ta ba ni labari da bakinta. Injin ya tsaya wata guda, kanikawa uku suka duba suka ce ta haƙura ta sayar. Ɗan Azumi ya ji labari a tasha, ya hau motar kasuwa da sifana biyu a aljihun riga, kafin la'asar mata sun jera ƙwarya. Ta kawo kuɗi ya ƙi, ta kawo zabi biyu ya ƙi, daga ƙarshe ya sha fura ya ce ta ƙara yaji nan gaba. Ni ma shaida ne. Arewa da Belbeji mota ta taɓa kwanta mana da allurar shanu dubu biyu a cikin ƙanƙara mai narkewa, ya zo a bayan raƙumin wani Ba'abzine, yana zagin raƙumin tun daga nesa, ya tashe ta kafin maganin ya lalace.

Ɗan Azumi, kai ne wanda ba a taɓa buga wa ƙofa ka ce sai gobe ba. Kai ne ka koya wa rabin kanikawan Tanut cewa noti ba abokin faɗa ba ne, in ya ƙi juyawa to mai juyawar ne bai gane ba. Ƙarfe mai jan ƙarfe, ban san wani kirari da ya fi wannan dacewa da kai ba, kuma na san ko shi ma za ka ce ya yi yawa.

Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗi har da wadda ba ta da daɗi. Ɗan Azumi yana ba da aro da hannu biyu, amma ɗakin nan babu wanda ya taɓa shigarsa shi kaɗai. Shi zai shiga, shi zai fito da abin. Kuma ba bisa girma ko lamba ya jera kayan ba, bisa sunayen masu su na farko ya jera su. Na gane haka ne ranar da na ari wata 'yar sifana na ɓatar da ita a daji. Na sayo sabuwa fil na kawo masa, ya karɓa ya juya ta, ya miƙo mini abata. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi waccan ta wani tsohon direba ce da ya rasu babu ɗa babu jika, kuma duk ranar da layi ya zo kanta yakan yi masa fatiha. Washegari na koma inda muka yi zango da rariyar matata, na wuni ina tankaɗe rairayi, Fulani suna tsaye suna kallon likitan shanunsu ya zautu. Na same ta dab da magariba.

Da idanunsa suka fara yin hazo, shekara uku ke nan, ya je wurin limamin unguwarmu da wata dabara da ya daɗe yana saƙawa. So yake a rubuta cewa bayan ransa kada a raba ɗakin, a bai wa kanikawan Damargu. Na raka shi, don haka da kunnena na ji. Liman ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ya bari, shi kuwa Ɗan Azumi in aka cire ɗakin nan me ya mallaka? Ya ce hanya ɗaya ce, kyauta.

Ɗan Azumi ya ce to ai shi ke nan, ya bayar, a rubuta, in ya mutu su zo su kwashe.

Liman ya girgiza kai. «Ba haka take ba, Malam. Kyauta ba ta cika sai abin ya bar hannunka ya shiga hannun wanda ka ba, kana da rai, kana da lafiyarka. In ka mutu mabuɗi yana zariyarka, gado ne, ko takarda goma aka rubuta.»

Muka fito muka taka har ƙofar gida. Can ya ce mini zai yi, amma bari damina ta wuce. Damina ta wuce ya ce sai an gama kaka. Aka gama kaka ya ce akwai waɗanda bai gama gyarawa ba. Ban ga laifinsa ba, kuma har yanzu ban gani ba. A ce wa mutum hanyar da zai tsirar da abin da yake so ita ce ya rabu da shi da hannunsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hashimu ma da ya zo hutu ya gaya masa gaskiya cikin ladabi, ya ce shi alli ya sani, kada Baba ya bar masa nauyin da zai kunyata shi. Duk da haka shekara biyu suka shuɗe mabuɗi yana inda yake.

Sai bazarar bara ta zo. Wanda ya san kwarin Tarka a wannan lokaci ya san tabkuna sun ƙafe, rijiyoyin hannu sun ja baya, garke bisa garke sun taru a 'yan wuraren da inji ke jan ruwa. A ɗaya daga cikinsu akwai wani tsohon inji mai tukunya ɗaya, wato silinda ɗaya, wanda wani bawan Allah mai suna Mato yake kula da shi. Injin ya tsaya ranar wata Talata da hantsi. Mato ya kira Ila, bakanike a nan Tanut, mutum mai furfura a gemu wanda a hannun Ɗan Azumi ya koyi aiki. Ila ya je ya gano ciwon, ƙaramin abu ne, amma sai an buɗe kan injin, kuma notocin na tsohon awo ne. Makiyaya suka kawo kurfi da guduma suka ce a sare su. Ila ya ƙi, don in suka lalace injin ya tafi ke nan har abada. Ya hau babur ya dawo gari, ya tarar da ɗaki a kulle.

A ranar ce aka kwantar da Ɗan Azumi a Damagaram za a cire masa yanar ido, kuma ya tafi da mabuɗinsa kamar kullum. Ila ya roƙi Lantana a fasa kwaɗo, ta ce shekara talatin ba ta taka ɗakin nan babu mai shi ba, ba za ta fara yana kwance a asibiti ba. Aka kira waya, a kashe. Suka zo wurina, ni ma na kira Hashimu har na gaji. Sai washegari da azahar muka same su, an fito da shi, idanu a naɗe. Hashimu ya kara masa waya a kunne, Ila ya yi bayani. Da ya gama, Ɗan Azumi ya ce a fasa.

Aka fasa, muka shiga mu uku, ni da Ila da Lantana, muka tsaya cirko-cirko. Bango huɗu ƙarfe, ƙasa akwatuna, babu lamba babu rubutu. Ila ya tambaya wane gefe. Ɗan Azumi ya ce cikin kayan Jibrin take. Ila ya ce wane Jibrin. Ya ce Jibrin na Gangara mana, wanda ke kusa da kayan Buzu mai Landiroba. Ila ya dube ni, na dube shi. Sunayen mutanen da suka rasu tun Ila yana ɗan koyo ake jero masa. Shi kuma daga can yana ganin abin ƙuru-ƙuru a zuciyarsa amma ya kasa miƙa mana. Sai Lantana ta karɓi wayar.

«Malam, wane ne Jibrin? Ba shi ne na shekarar da na ba ka kuɗin ragon layya ka dawo mini da akwati ba?»

Ya ce shi ne.

«Koren akwati mai igiya a hannu?»

Ya ce shi ne, Lantana.

Ta wuce kai tsaye zuwa kusurwa, ta ɗaga buhu biyu, ga shi nan. Daga baya ta ce mana ko cikin duhu za ta gane shi, don sati biyu ta yi ba ta yi wa mai shi magana ba a kansa, kuma naman maƙwabta suka ci a sallar nan. Ashe duk tsawon shekarun nan ita ma tana da nata lissafin kayan, kowane akwati da rigimar da ya jawo.

Na bi Ila zuwa kwarin, don makiyayan sun san ni. Sifanar ta zauna a kan noti kamar don shi aka haife ta, kuma kafin rana ta faɗi ranar Alhamis ruwa ya zubo a kwami. Amma kwana biyu da rabi babu ruwa a bazarar Tarka ba wasa ba ne. Waɗanda ke da ƙarfi sun kora garkensu zuwa wata rijiya mai nisa, ba duka suka isa ba. Na zaga da ƙafata na ƙirga, maruƙa da tsofaffin shanu goma sha ɗaya. Bakwai daga ciki na wani dattijon Bafillace ne, wanda ya riƙe hannun Ila yana ta godiya, bai ɗora wa kowa laifi ba.

Na yi niyyar ɓoye wa Ɗan Azumi. Da ya dawo na je duba shi, ido ɗaya ya ɗan buɗe, ɗayan likita ya ce sai haƙuri. Ina ta ba shi labarin yadda injin ya tashi, ya katse ni ya ce nawa suka mutu. Na ce kaɗan ne. Ya ce shi ba kaɗan ya tambaye ni ba. Da na faɗa masa ya daɗe yana murza gefen tabarma, sannan ya ce, «Sha ɗaya. Likita, sikelin Gajere bai taɓa kashe ko ɗan akuya ba.»

Na ce masa ƙaddara ce, kuma ba don sifanarsa ba da garken duka ya watse. Shi kuwa bai saya wa ɗakin sabon kwaɗo ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Wata biyar ya yi yana rabon ɗakin nan. Bai tara jama'a ba, bai kira maroƙi ba. Kowace ranar kasuwa buhu ɗaya yake fita, Ila ya goya Ɗan Azumi a babur ko su hau motar 'yan kasuwa, su nufi inda injin da kayan suka dace da shi yake. Ba ya aike, don liman ya ce hannu da hannu. Zai nemi shaidu biyu, ya sa abin a tafin mutum, ya naɗe masa yatsu a kai, ya faɗi sunan mai shi na farko, ya ce in an tuna a yi masa fatiha. Roƙonsa biyu ne kacal, kada a hana aro, kuma kada a mutu da shi a hannu. Koren akwatin Jibrin yana wurin Mato a bakin famfo. Hajiya Safiya tana da sifana biyu rataye a jikin injinta. Masu gareji a Belbeji da Gangara da nan cikin gari kowa ya sami rabonsa, har da samarin da ke cewa zamaninsa ya wuce, kuma na ga ɗayansu yana share ido da bayan hannu.

Kada wani ya zaci da murna ya yi. Lantana ta ce duk ranar da buhu ya fita, tuwonsa yakan dawo kusan yadda ta kai. Wata rana sun kai Sabon Kafi da wani akwati, ya ce wa Ila su juya ya manta wani abu, Ila ya yi kamar iska ta hana shi ji. Da aka gama, sai ɗan tarin waɗanda suka tsage ko suka karye ya rage. Waɗannan ya zuba a ƙaramin buhu ya kai wa Gajere da kansa, ya ce ga motar da ya yi shekara ashirin yana jira. Gajere ya ƙi ɗorawa a sikeli, har yau buhun yana rataye a rumfarsa.

Malam Ɗan Azumi, mun gode. Na gode a madadin matan da suka yi niƙa, da makiyayan da suka shayar, da direbobin da suka kwana a gidajensu maimakon daji, da kuma mamatan da babu mai ambaton sunansu sai kai. Na fi gode maka a kan wata biyar ɗin nan fiye da shekara arba'in da bakwai, don tarawa kowa yana iya ƙoƙartawa, ni ban taɓa ganin wanda ya saki kamar yadda ka saki ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idon da ya rage haske, ya ba Lantana ladan ragonta.

Sauranmu kuma, kowa yana da ɗakin da ya kulle. Wani littattafai ne, wani irin gero ne na kakanni, wani sanin magani ne ko sanin hanyar rijiyoyi, ya riƙe yana cewa sai an gama kaka. Ni kaina akwai littattafan allura na shekara talatin a ƙarƙashin gadona, kuma wannan makon zan kai wa yaran da suka gaje mu. Ku duba naku tun hannu yana iya miƙewa. Wanda kuma yake ganin abin da sauƙi, ga abin da na gani ranar Litinin da ta wuce.

Ina zaune a garejin Ila ana duba mini babur, sai ga Ɗan Azumi da sandarsa. Ya yi sallama, ya tsaya a bayan wani mai amalanke har aka sallame shi, sannan ya ce ƙafar gadon Lantana ce ta saki noti, ko za a taimaka masa da aron kile mai lamba sha uku. Ila ya miƙe, ya ɗauko ta da hannu biyu, ɗaya daga cikin waɗanda shi Ɗan Azumin ya ba shi.

«Baba, wane irin aro kuma? Taka ce. Don Allah ka riƙe ko wannan ɗaya a gida.»

Malam Ɗan Azumi, sai ka karɓa, ka shafa bakinta da babban yatsa, na ga ka gane ta. Ka daɗe kana riƙe da ita fiye da yadda ake riƙe kayan aro.

«A'a, Ila. Ban san ranata ba. In ta same ni da ita a gida, ta zama gado.»

Kafin a kira azahar ka dawo da ita, a goge, ka sa masa a hannu, ka yi godiya kamar kowa, ka juya ka tafi.